Goɗiyar da Aka Kai wa Karnuka

A yankinmu na Yorkshire, in abu ya lalace farat ɗaya, sai mu ce ya tafi wajen karnuka. Yaran yanzu suna faɗa suna dariya, ba su san mafarin maganar ba. Mu da muka yi noma da dawakai mun sani. Doki in ya tsufa ba a binne shi. Mai shi ne zai ja shi zuwa gidan karnukan farautar mai ƙasa, a yanka musu. Manomin da ke zaune a gonar haya bai isa ya ƙi ba.

Maƙwabcina Wilfred Garside yana da goɗiya, Bramble, da ta ja masa garma tun ɗansa Clifford yana ɗan makaranta. Shekarar da ta gurgunce, Wilfred ya rantse a gonarsa za ta kwanta. Har rami ya fara haƙawa, sai ga Enoch mai kiwon karnukan.

"Wilf, wa za ka binne? Surukarka?"

"Kama gabanka, Enoch."

"Tsoho, karnuka na kuka da yunwa, kai kana shirya wa tsutsa biki? Mai ƙasa zai ji. A tashe ku daga gonar nan saboda buhun ƙasusuwa?"

Clifford ya ce, "Baba, ka dubi jikokinka."

 Washegari Wilfred ya wanke goɗiyar, ya taje mata geza, ya ja ta, na raka shi. Tana jin karnuka na haushi ta turje. Sai ya yi mata fito irin na lokacin huɗa, ta bi shi ciki.

Daga ranar komai ya sukurkuce. Shinge ya faɗi Wilfred bai tayar ba, tumaki suka watse, ya daina zuwa coci. Ranar farauta kaɗai yake fitowa bakin hanya, yana ƙare wa karnukan kallo ɗaya bayan ɗaya.

Wata safiya ya sake yin fiton. Da idona na gani: karnukan suka bar sawun yanyawa, suka zo suka jeru a gabansa tsit, kansu a ƙasa, kamar masu jiran a ɗaura musu garma. Enoch ya busa ƙaho har ya gaji.

Wilfred bai kai lokacin shuka ba ya mutu. Gonar ta tsira a hannun Clifford, amma har ya tsufa bai yarda kare ya ƙetare ƙofarsa ba.