Sunan da Raliatou ta Kama a Rillieux

Malam Hudu ya shiga lakwal, wato makaranta, ta manya a Saint-Denis kusa da Paris da furfura a gemu. A 1985 abokin ajinsa Bruno, magini ɗan Italiya, ya gayyace shi da matarsa Raliatou bikin 'yarsa a Rillieux, kusa da Lyon.

Ana cin abinci, Bruno ya kira tasa matar "cara", wato masoyiya. Wata 'yar Sifen ta ce a harshensu fuska ke nan, wani ɗan Ailan ya ce aboki. Sai Bruno ya juyo: "Madam, ke fa, me kike kiran Hudu?"

Hudu ya fassara mata. Ta sunkuyar da kai, don tun aurensu ba ta taɓa kama sunansa ba. Gudun a ce ba su waye ba, ya ce, "Faɗi mana, nan Faransa ce."

"Hudu," ta ce. Aka tafa. Shi kuwa ya ajiye lomar da ya ɗauko.

A jirgin komawa Paris ya kasa kallonta. Can ta ɓare lemo, ta miƙo masa.

"Malam, karɓi."

Ya karɓa da hannu biyu.