Wankan Mairo

"Kawo hannunki nan," in ji Mairo.

Ta kamo hannun Jummai ta cusa shi a hammatarta ta hagu. Jummai ta ji wasu ƙulla-ƙulla masu tauri kamar gurjiya, ta yi maza ta janye.

"Kaluluwa ce. Kin ji ciwo a yatsa?"

"Ni ma haka na ce. Likitan Zariya ya ce sankara ce, daga nono ta taso ta kai nan. Wai a yanke shi duka, a kwashe waɗannan, sannan a riƙa yi mani wani ƙarin ruwa wata-wata, mai zubar da gashi."

Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Ƙofar Durbi, tun suna amare suke miƙa wa juna gishiri da garwashi ta samanta. Jummai kuwa matsoraciya ce ta ƙin ƙarawa, ko kaza za a yanka sai ta kau da kai. Ta zauna bakin turmi.

"To mi kika ce mashi?"

"Wuƙa na yarda. Ƙarin ruwa ban yi. In gashina ya zube, ina ta zaryar Zariya, mi zan hwaɗa wa Hajiya Lami?"

Nan gizo ke saƙa. Ɗan Hajiya Lami ne zai auri Ramla, 'yar Mairo, bayan Babbar Salla, yaran kuma suna son juna. Amma Hajiya ta taɓa rusa baikon babban ɗanta don kawai ta ji kakar yarinyar da sankara ta mutu, wai ciwon gado ne. Ita ce kuma mai wankan gawar mata a unguwar. Ta san hukuncin rufa wa mamaci asiri sarai, har wa'azinsa take yi, sai dai kafin sadakar uku kowa ya san wadda ta mutu da ƙurji a cinya.

Shekarar ce soja suka miƙa mulki. Bangon gidaje duk hotunan 'yan takara, maza na can majalisa suna gardamar zaɓe, babu wanda ya kula da Mairo ta tafi Zariya wai zaman jegon ƙanwarta. Ta dawo a rame, da wani ɗan tsumma da ta ɗinka ta cika da auduga tana sawa cikin riga. Hannunta na hagu ya kumbura ya daina ɗaguwa, Jummai ce ke ƙetarowa ta yi mata daka.

"Ki koma a yi maki ƙarin ruwan nan, don girman Allah," Jummai ta sha ce mata.

"Bayan biki."

Ba ta kai bikin ba. Da damina ta sauka idanunta suka yi ɗorawa, mutane suka ce shawara ce, Mairo ta bar su a haka. Wata ranar Laraba da hantsi ta riƙe gefen zanen Jummai.

"Ke za ki yi mani wanka. Ke kaɗai. Na hwaɗa wa maigidana."

"Ni? Mairo, ban taɓa ko leƙa gawa ba."

"Kin iya alwala ai. Daga dama ake hwarawa."

Jummai ta yi kuka har da majina, ta ji haushin Mairo, ta ji haushin kanta. Amma ta ce to.

Ranar da Mairo ta cika, kafin a gama salati Hajiya Lami ta iso da ganyen magarya da kafur ƙulle a gefen mayafi, tana ba da umarnin a ɗora ruwa. Jummai ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Ni ta bar wa wasiyya."

"Ke? Ke da ba ki iya kallon jinin kaza? Surukata ce fa. Gusa in shiga."

Daga zaure muryar Malam Sada, mijin Mairo, ta fito a dishe: "Wasiyya ce, Hajiya. A bar ta."

Hajiya ta dangwara mata ƙullin a hannu, ta ce, "To bari in zuba maki ruwa."

"Ni kaɗai ta ce."

Jummai ta saki labule ta tura ƙyaure. Ta cire ɗan tsumman audugar daga rigar Mairo ta ƙulle a haɓar zanenta, ta yi bisimilla, ta fara daga dama. Juya Mairo bai yi wuya ba, babu sauran nauyi a jikinta. Da ta zo hagu, hannunta ya bi dogon tabon tun daga ƙirji har hammata, sai ta ji tsoron ya sake ta, tausayi ne kawai ya cika mata ciki. Ta naɗe ta a likkafani, ta ninka ɗan ƙyalle a gefen hagu yadda ƙirjin zai daidaita, sannan ta buɗe ƙofa.

Hajiya Lami ta leƙa, ta duba ɗaurin sama da ƙasa. "Ba laifi," ta ce. "Shawara muguwa ce. Allah Ya ji ƙanta."

Bayan an fita da makara Jummai ta koma gida, ta kwance ɗan tsumman nan daga haɓar zanenta. Ta wanke shi, ta shanya a kan igiya tsakanin zannuwanta, ƙasa da katanga kaɗan, inda ba a hangowa daga wancan gidan.