Jazmar Dukkan Harisu

Ni Atika, ban taɓa zaton takalmi zai hana ni cin abinci ba. Takalmi fa, abin da ake taka kashin jaki da shi! Amma ga ni ina bin suk ɗin Gadarif, babbar kasuwar garinmu, rumfa-rumfa da tsohuwar jazmar mijina a leda, ina jera dunduniyarta da ta kowane takalmin maza, masu rumfuna suna kallona kamar wadda ta taɓu.

Mijina Sharu direban tarakta ne. A wani mashru'in dawa, irin manyan gonakin tajirai, can bayan Doka faifan garma ya kama masa ƙafar hagu, aka yanke ta ƙasa da gwiwa. A Madani aka haɗa masa ta roba, tun yaƙi bai isa can ba. Mai haɗawar ya daidaita ta ne a kan takalmin da ya je da shi, wata baƙar jazma mai igiya, irin ta fita unguwa. Ya kuma ja masa kunne: tsayin dunduniyar nan shi ne tsayuwarsa. In ta ragu ƙafar ta ja shi baya, in ta ƙaru ta tura gwiwarsa gaba. Da jazmar nan a ƙafa, in ya saki jallabiya ya tako, wallahi sai an faɗa maka.

To, jazma ta mutu. Baƙar lakar garin nan ba ta barin fata. Tafin ya rabe, dunduniya ta cinye ta gefe guda. Na kai wa mai gyaran takalmi ya liƙa wata, Sharu ya sa, bai kai ƙofar gida ba ya kifa a kan randar ruwa. Mai haɗa ƙafar kuwa, babu wanda ya san ƙasar da yake yanzu.

Ana cikin haka labari ya zo cewa wani tajiri, Hajj Husain, ya kama sabon mashru'i wajen Fau, yana neman direbobi kafin ruwan farko. Duk tajiran da ke noma wajen Doka sun san abin da ya sami Sharu, kuma kowanne ya ce masa Allah ya ƙara sauƙi ya juya. Hajj Husain bai san shi ba. Sharu ya riga ya hau taraktar wani abokinsa a ɓoye ya taka kuloci da ƙafar robar, ta taku sarai. Abin da ya rage kawai ya shiga gaban mutumin ranar Juma'a a miƙe, ba sanda, ba ɗingishi, ya karɓi makulli. In daminar nan ta wuce mu, sai wata shekara, ni kuwa soyayyiyar gyaɗar da nake sayarwa a bakin titi ta gaji da ɗaukar mutum shida.

Jazmar irin wadda mutum ɗaya ke kawowa ce duk garin nan. Harisu, mai dukkan, wato shagon gilashin nan, a layin 'yan tufafi. Shi kaɗai ake ɗinka wa ita a Masar, har sunan dukkansa ne buge a tafinta. Na sani tun farko. Yawon rumfunan da nake yi don Harisu ya riga ya kore ni ne.

"Ya Hajja, sun ƙare," ya ce ranar da na fara zuwa. "Kaya ba sa shigowa kamar da."

"Waccan ta cikin gilashin fa? Lambar mijina ce."

"Waccan ta ango ce. Ya kama, bikinsa wata mai zuwa."

"Ango ya sa markub mana, takalmin gargajiya, kamar kowane ango!"

"Shi wannan yake so. Ga wasu nan masu kyau, ki duba."

Masu kyau! Na ce masa ba kyau na zo nema ba. Ya tambaye ni to me na zo nema, na kasa amsawa, don Sharu ya rantsar da ni kada kowa a suk ya ji zancen ƙafarsa. A suk magana ba ta kwana, kafin la'asar ta kai kunnen tajirai. Na koma washegari na roƙe shi da girman iyayensa. Ya ba ni ruwan sanyi, ya ce in yi haƙuri. Na fito ina kuka a titi kamar yarinya, mai raksha, keke mai ƙafa uku, yana ta danna mini oda.

Ranar Alhamis da azahar Sharu ya kwanta a inuwa, ya cire ƙafar ya jingina ta da angarib, gadon igiyarmu. Na tsaya ina kallonta. Tsoro ya kama ni, haushi ya fi tsoron. Na naɗe ta a tsohon zane, na rungume ta cikin tobina, mayafin da nake yafawa, kamar jariri, na fita ba sallama.

Na jira har masu ciniki suka watse. Sannan na ɗora ƙunshin a kan teburin Harisu na kwance.

"La ilaha illallah!" Ya ja baya har ya bugi kwalaye.

"Ga mai takalmin," na ce. "Ka gaya mata da bakinka cewa ango ya fi ta."

Na zayyana masa komai, garma, Madani, dunduniya, Hajj Husain, gobe. Ina jin kunyar kaina, amma ban tsaya ba. Harisu ya dubi ƙafar, ya dube ni. Ya ja labulen ƙofa, ya buɗe gilashin, ya fito da jazmar.

Sa wa ƙafar roba takalmi ba wasa ba ne. Ba ta lanƙwasa, ba ta da yatsun da za su nemi hanya. Sai an zare igiyar kusan duka, a zura mata leda don ta yi santsi, a sa cokali a dunduniya, a danna da ƙarfin mutum biyu. Ni ina riƙe da ƙwaurin, shi yana dannawa, har gumi ya jiƙa masa wuya. Da ta shiga, ya tsayar da ƙafar a kan tebur ya saki. Ta tsaya ƙyam ita kaɗai.

"Ango fa?" na ce.

"Bar ni da ango, 'yar'uwa. Kuma ban ga komai ba yau."

Na tarar da Sharu zaune a bakin angarib, kututturen ƙafarsa a waje, idonsa jajir.

"Atika, ina kika kai ni?"

"Baban Mardiyya, ka yi mini faɗan gobe da yamma. Yanzu sa ka tashi."

Ya sa. Ya tashi. Ya taka daga rumfa zuwa ƙofa ya dawo, ya sake, sabuwar fata tana ƙara. Yara suka bar wasa suna kallonsa. Bai ce mini sannu ba, amma ya ce a goge masa farar jallabiya, ni kuma na san abin da hakan ke nufi a bakinsa.

Da safe na bi shi a raksha, sandarsa ɓoye cikin tobina ko da za a buƙata a hanyar dawowa. Garejin Hajj Husain muka nufa. Duk tajirin da Sharu ya taɓa yi wa aiki a gareji yake ɗaukar direba, a tsaye, cikin ƙurar taya da baƙin mai, a yi magana a tafa hannu. Mai gadi ya leƙo ya ce ai Hajj ba ya ɗaukar mutum sai sun ci abinci a akushi ɗaya. Yana gida, ya tara direbobi fatur, karin kumallo, a diwaninsa na saukar baƙi, ga gidan can mai koren ƙofa.

Har daɗi na ji, kaicona. Na ce mutumin kirki ne.

Na zauna wajen wata mai shayi a ƙarƙashin bishiyar nim, daidai ƙofar diwanin, wadda ke buɗe ga titi. Sharu ya tsallaka hanya a miƙe, kafaɗa a sama, babu wanda ya waiwaye shi. Ina murmushi ni kaɗai. Sai idona ya sauka a bakin ƙofar. Takalma ne jibge, markub da silifa da na roba, a kan juna. Ciki darduma ce shimfiɗe bango zuwa bango, maza zaune a ƙasa sun kewaye faranti.

Kofin shayin ya kusa suɓuce mini. Duk rayuwarmu muna cire takalmi a bakin darduma, ba ma ko tunani. Ni da shi mun ƙare hankalinmu a kan yadda jazma za ta shiga, babu wanda ya tuna za a ce ta fita.

Sharu ya tsaya a bakin ƙofa. Na ga bayansa ya sandare. Wani dattijo mai farin rawani, Hajj Husain ke nan, ya ɗaga hannu daga ciki yana kiransa, ya shigo, ya shigo, abinci na hucewa. A raina ina ihu: ka shiga da ita! Ka ce kana da ciwo! Ka ce komai! Amma Sharu ba zai taka inda ake cin abinci da takalmi ba, ko da za a yanke ɗaya ƙafar.

Ya zare ta dama. Ya zauna a dokin ƙofa, ya kama ta hagu da hannu biyu. Ya ja, ta ƙi. Ya sake ja, jallabiya ta zame sama, robar ta fito fili har maɗaurinta. Hirar ciki ta mutu. Da jazmar ta fita ya miƙe, ƙafar ta ja shi baya, sai da ya dafa bango. Mutum biyu suka taso suka riƙe shi ta hammata suka shigar da shi.

Ban san tsawon lokacin da na zauna ba. Mai shayi tana ta yi mini zancen tsadar gawayi, ina gyaɗa kai.

Hajj Husain da kansa ya rako shi ƙofa, hannu a kafaɗarsa, yana magana a hankali. Sharu ya sa ta dama. Ta hagu ba za ta shiga ba sai da ni. Na tsallaka titi, na durƙusa a gaban mazan nan duka, na zare igiya, na danna, na danna, hawaye yana ɗiga a kan fatar.

"Me ya ce?" na tambaya, ban ɗago ba.

"Ya zaunar da ni kusa da shi. Ya tura mini nama gabana."

"Makullin fa?"

Ya girgiza kai. Wani lebura ya fito daga cikin gida da buhun dawa a kafaɗa, ya dire shi kusa da mu, ya ce Hajj ya ce na yara ne.

Jini ya hau mini kai. Na miƙe zan ce a mayar masa da buhunsa, ba bara muka zo ba. Sharu ya riƙe mini gefen tobi.

"Kira raksha, Atika," ya ce. "Ki ce mai ɗaukar buhu. Ba ni sandata."