Bututun da Ke Bayan Gidan Odessa

Tun da kamfanin kwal ya shimfiɗa bututun zubar da gurɓataccen ruwa a gangaren bayan gidanta, ruwan rijiyar Odessa Pruitt ya koma launin tsatsa. Kajinta suka bi juna suka mutu. Ta kai wa hukumar gunduma ruwan a kwalba, aka ce wataƙila bokitinta ne ba ta wankewa. Ta kai hotuna, lauyan kamfani ya ce ai rafi ba ɗaya ba ne a jihar Kentucky, wa ya san inda aka ɗauko su? Mace ta haura saba'in, a ƙaryata ta a gaban maƙwabta! Da aka sa ranar wani zaman hukumar, sai ta aika wa Delmar, ɗan ƙanenta mai ɗaukar bidiyon biki, ya zo ya yi mata fim.

Ya zo da kyamarori biyu. Ɗaya tasa ce, ta hoto mai ƙaton ido, DSLR, wadda amare ke so. Ɗayar tsohuwar kyamarar bidiyo ce ta coci, ya aro ta ne kawai don ko ta-kwana.

Ya zaunar da ita a baranda, ya ɗauka da tasa, ya nuna mata. Odessa ta ƙura wa hoton ido. Rabonta da ganin kanta haka tun mijinta Harlan na da rai. Furfurar ta yi haske, fuskar ta fito tas, duk abin da ke bayanta ya narke ya zama kore mai laushi. Sai da ta gama kallon kanta sannan ta tuna.

"Ina bututun?"

"Ga shi nan, Gwaggo, wancan dishi-dishin."

"Wannan? Ni na ɗauka saniya ce. Kai, aure ka zo yi mini?"

Delmar ya yi dariya. "Hannu ne ya saba. A biki baya ake ɓoyewa, kada a ga surukai suna hamma. Zan iya fito da shi, amma idon nan ba ya janyo nesa. Sai na tsaya na sauya wani, kin ga an yanke ke nan."

"In an yanke, lauyan nan mai baƙar kwat zai ce rafin wani gari ne."

"Zai faɗa. Kuma ita wannan ba ta kai rabin awa sai ta tsaya, ke kuwa in kika fara..."

"Rufe mini baki, mai kan kabewa. Ita ta cocin fa?"

"Wannan ta saba da wa'azin Fasto, ba ta gajiya. Daga fuskarki zan ja har bakin bututu ba yankewa. Amma Gwaggo, ba ta rufa wa kowa asiri. Duk abin da ke tsakani sai ya fito."

Odessa ta juya ta dubi abin da ke tsakani. Motar marigayi ce a kan bulo, ciyawa ta fito ta tagoginta. Ga tsohon firiji a kwance, ga akurkin da ba kowa, ga rufin da ta danne da tayoyi. Shekara da shekaru tana tare matan coci a ƙofar gaba don kada su leƙa nan. Maƙwabciyarta mai suna Wanda Sizemore kuwa, mai bakin da ba ya ajiye magana, ba ta fashin zaman hukuma.

"Ko mu ɗan gyara wurin?" in ji Delmar.

"Wa zai ɗaga mota, kai da wannan bayan naka? Ɗauko ta cocin."

Ta tsaya da rigarta ta gida, ta faɗi sunanta, ta faɗi abin da aka yi mata tun daga farko. Delmar ya ja kyamarar a hankali daga fuskarta, ya bi ta kan mota da firiji da igiyar shanya, ya tsaya a bakin bututu yana aman jan ruwa cikin rafi.

Ranar zama aka haska fim ɗin a bango. Fuskarta ta fito kamar busasshen dankali. Da aka zo kan firiji wani ya yi dariya a baya, ba ta waiwaya ba. Da aka kai bututu, dariyar ta ɗauke. Lauya ya hau gyaran tabarau. Shugaban zama ya ce a tura masu gwajin ruwa kafin mako ya fita, a rubuta.

A bakin ƙofa Wanda Sizemore ta tare ta.

"Odessa, ashe motar Harlan tana nan?"

"Tana nan. Bututun kin gan shi?"

"Na gani."

"To rijiyarki tana ƙasa da tawa. Je ki leƙa."

Odessa ta miƙa wa Delmar jakarta, ta ce ya mayar wa Fasto kayansa, sannan ya biyo gida akwai wake da burodin masara. Ruwan sha dai ya taho da nasa.