Ba'ana Mai Mata Sittin da Uku

Kellu ta danna maɓallin shigo da fayil, ta juya ta ɗauki kofin shayinta. Kafin ta waiwayo, taswirarta ta rikiɗe ta zama ƙaton gizo-gizo guda ɗaya, ya cika fuskar kwamfuta.

Wata bakwai ta yi tana gina taswirar nan a ƙaramin ofishinsu na GRA a Maiduguri, inda suke haɗa iyalan da gudun hijira ya raba. Kowane mutum da'ira ne, kowace dangantaka zare ce: wannan ɗan wance, wannan mijin wance, wancan an gan shi a Monguno. Da janareta ta yi aikin, har a ranakun da ƙarar fashewa ke girgiza tagogi. Ƙawayenta na jami'a da suka koma Kano sun gaji da ce mata ta taho. Sai babban ofis na Abuja ya ce manhajarsu ba ta karɓar zane, sai CSV, wato suna, waƙafi, dangantaka, waƙafi, wani suna, layi bayan layi. Ta fitar ta aika. Suka haɗa da na sauran sansanoni, suka dawo mata da shi.

A cikin gizo-gizon an rubuta Ba'ana. Matansa sittin da uku, 'ya'ya ɗari biyu da sha ɗaya. Ya rasu sau huɗu. A wata Talata guda an gan shi a Bama da Dikwa da layin karɓar shinkafa a Monguno.

Wayarta ta yi ƙara. Daniel ne, jami'in bayanai na Abuja, wanda bai taɓa taka Maiduguri ba amma yana da taswirar garin a bango.

"Kellu, kin ga mutumin nan?" Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba garin da ba shi da mutanensa a ciki. Har mutuwar ƙarya yake yi. Ƙarfe biyu zan miƙa sunansa ga jami'an tsaro. Ga lambar wayarsa, ga adireshi a Bulumkutu."

Ta duba lambar. Ta Ba'ana direbansu ce. Makon jiya ya yi rajistar neman ƙanensa, layinsa ne na ƙarshe a fayil, sai bayanansa suka hau kan na kowa. A garin nan, idan aka ɗauki mutum don amsa tambayoyi, gidansu ba sa dafa abinci da shi, don ba a san ranar dawowarsa ba.

"Oga Daniel, manhajarku ce ta haɗe duk mai suna ɗaya. A nan, yaron da aka sa wa sunan kakansa ba a kiran sunan, kunya ake ji. Sai a ce Ba'ana, ƙaramin baba. Rabin gari haka ne."

"Kwamfuta ba ta ƙarya."

"Ba ta ƙarya, amma ba ta taɓa zuwa bikin suna ba."

Nan Ba'ana ya shigo da makullin mota a hannu. Ta juya masa kwamfutar. Ya daɗe yana kallo.

"Malama Kellu, sittin da ukun nan, akwai wadda ta san da ni? Shekara biyar ina neman ɗaya."

"Saura minti ashirin a zo a ɗauke ka, Yaya Ba'ana."

Ya zauna a kan kwalin takardu, kwalin ya lotsa.

Kellu ta mai da kiran na bidiyo, ta fita baranda, inda masu neman 'yan uwansu ke zaune a benci tun safe. Ta ɗaga wayar sama.

"Salamu alaikum. Don Allah Ba'ana ya miƙe."

Maza tara suka miƙe. Mai gadi ya leƙo daga bakin ƙofa da hannu a sama. Wata mata ta kwance goyonta, ta ɗaga jaririn saitin wayar.

Daniel ya ce, "Wanne ne shugabansu?"

Wani tsoho mai sanda ya matso har hancinsa ya cika hoton. "Yaro, ni ne babba. Matata ɗaya, ita na zo nema. In ka ga sauran, ka riƙe su."

Kellu ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar sunan yanka da sunan uwa. Bukar ɗan Falmata, Modu ɗan Kaltum, Ali ɗan Hajja. Na jaririn sai da wata maƙwabciya ta faɗa, don uwar ta rufe fuska da mayafi, sunan surukinta ne.

"Gobe zan sake turo fayil," in ji Kellu, "kowa da lambarsa da sunan uwarsa. Amma takardar can da za ka miƙa wa jami'an tsaro, ka yage ta ina gani."

Ya yage. Ba'ana direba, da ke bayanta, ya saki numfashi, ya tafi neman ruwa.

Har za ta kashe, Daniel ya gyara murya.

"Kellu, akwai kuma wata Yagana. Mazanta tamanin da ɗaya."

"Ita ma ka bar ta, Oga. Shi ma sunan kunya ne, ɗaya daga cikin masu sunan ƙanwata ce, tana aji uku a firamare."