Bagaruwa a Tafin Malam Sammani

Kwanon rufin da iskar hadari ta ɗaye ne ya tsarge wa Malam Sammani tafin hannun dama, tun daga gindin babban yatsa har tsakiya. Shekara talatin yana ɗinkin hula a Ƙofar Durbi da yatsan nan, shi ya sa da ya ga jini bai tuna da ransa ba, allura ya tuna.

Maƙwabta kuwa, Allah ya saka musu, nan take kowa ya zama likita. Shehu bakanike ya tsiyaya man birki, Baraka mai ƙosai ta danƙara garin bagaruwa, aka naɗe da tsumma. Sai da jini ya ƙi tsayawa aka tuna da asibiti.

Nas Suwaiba ta kwance tsumman, ta yi salati.

"Baba, miya aka so kaɗawa a hannun nan?"

"Taimako ne aka yi mani, ɗiyata."

"To, bari mu kwashe taimakon."

Ta danne wurin har jinin ya lafa. Ta shafa auduga a kan kowane yatsa tana tambaya ko yana ji, ya ce yana ji. Sannan ta yi allurar kashe zafi, ta dinga kwarara ruwan gishiri, leda bayan leda, tana tsince bagaruwa da tsatsa da hantsaki. Malam dai ya kau da kai.

"Yanzu haɗa babban yatsan da manuni, kamar ka riƙe allura."

Ya runtse ido, ya yi bisimilla. Yatsan ya tafi a hankali, ya taɓa ɗan'uwansa.

"Jijiya lahiya lau take," in ji ta. "Za ka yi ɗinki."

Wata ajiyar zuciya ya sauke, hawaye suka zubo, bai ko ji kunya ba.

Bayan allurar kariya daga tsatsa, ta ɗinke raunin. Hankali ya kwanta, sai hali ya motsa, Malam ya leƙa aikin da idon sana'a.

"Ɗiyata, ɗinkin ga ya yi tazara."

"Da gangan ne, Baba. In ƙazanta ta rage, ta samu hanyar hita."

A rumfarsa, hula mai irin wannan tazara warware ta yake yi. Ya daɗe yana kallon zaren, yana motsa yatsan.

"Bar shi haka nan," ya ce. "Ban taɓa ganin ɗinki mai kyaun shi ba."