Malaga ko Garanada

Bature bai taɓa kiran sunan gari daidai ba. Sakkwato ta zama Sokoto a bakinsa, Gwandu ta koma Gando, kuma in ka gyara masa sai ya dube ka kamar kai ne baƙo a garin. Saboda haka kada kowa ya yi saurin yi wa Sale kuku dariya. Da kunnen da Allah ya ba shi ya ji abin da ya ji.

'Yan shekaru bayan dawowar sojojin Bama aka aiko wani Baturen ruwa Wurno, ana ce masa Mai Lofe, don ba a ganin bakinsa sai da lofen taba. Aikin da ya kawo shi shi ne ya tare ruwan gulbi da ganuwar ƙasa, a yi tabki don noman shinkafa da rani. Ruwan da aka tare kuwa dole ya kwanta a wani wuri, kuma wuraren biyu ne kacal: fadamar Mailaka ko fadamar Garin Nada, ƙauyuka biyu masu kallon juna a hanyar Goronyo. Leburori suka zo suka kafa turaku a duka biyun, suka tafi ba su ce wa kowa uffan ba.

Mode manomin albasa ne a Mailaka. Fadamar da yake nomawa ta ubansa ce, rijiyoyin da ke cikinta shi ya haƙa su da hannunsa, kuma ba shi da wata gonar tudu da za ta ciyar da gidansa in wannan ta tafi. Ƙanwarsa Larai tana aure a Garin Nada, wajen Atiku, shi ma manomin albasa. Kowace shekara su biyun sukan yi musayar iri, su yi ta gardamar albasar wa ta fi yaji.

Ranar kasuwar Wurno, Mode na zaune gaban kayansa, sai ga Sale, tsohon da ke dafa wa Mai Lofe abinci. Bai taya albasa ba. Ya ja Mode gefe, yana waige-waige.

"Kai dai ɗan Mailaka na, ko?"

"Ka san haka, Baba Sale. Lahiya?"

"Ina lahiya! Mai Lofe da matatai Misisi ba su da magana sai taku. Shi shina cewa Garanada, ita tana cewa Malaga. Malaga, Malaga, har abinci shi huce gabansu."

"Malaga kuma mi?"

"Kai, ba ka san bakin Bature ba? Mailaka mana! Garanada kau Garin Nada. Kuma na ji Misisi da kunnena tana cewa Malaga wata, Malaga wata. Wata ruwa na da Turanci, wanga kam ba a koya mini shi, kullum ni ka dahwa musu shi. Ba ta tsaya nan ba, sai da tat tashi tsaye tana yi da hannuwa haka."

Sale ya miƙa hannuwansa yana kwaikwayon mai iyo a ruwa.

"Tana yi tana dariya," in ji shi.

Mode ya zauna a kan buhun albasar wani ba tare da ya sani ba. Ya daɗe da sanin fadamar tana iya tafiya, ya ma fara saba wa tsoron. Abin da ya girgiza shi shi ne dariyar. A ce mace ta tsaya a gaban mijinta tana nuna yadda mutanen gari guda za su yi iyo a kan gonakinsu, kuma abin ya ba ta dariya! Bai taɓa jin rashin imani irin wannan ba.

Kafin kasuwa ta watse labarin ya riga shi isa gida, ya kuma haye zuwa Garin Nada. Daga ranar nan ƙauyukan biyu suka shiga wani hali da in ba ka gani ba sai ka ce ƙarya ne. A Mailaka ana roƙon Allah ya ƙarfafa zuciyar Mai Lofe, kada mace ta juya shi. A Garin Nada kuwa, malaman da kullum suke wa'azin mace ta bi mijinta, su ne suka duƙufa roƙon Allah ya ɗora Misisi a kan maigidanta. Ba wanda ya fito fili ya ce a cinye gonar maƙwabcinsa. Kowa dai ya san abin da addu'arsa take nufi, shi ya sa aka daina haɗa ido a hanya.

Sale ya zama kamar mai duba tashin gulbi. Duk wanda ya shiga Wurno sai ya bi ta bayan bariki ya ji na yau. Yau Misisi ta ƙi cin abincin safe. Yau Mai Lofe ya buga tebur ya ce Garanada har sau ba adadi. Yau sun yini ba su yi wa juna magana ba. Tafintan Baturen, Malam Halliru, yana can rangadi wajen Raba, don haka ba wanda za a tambaya, kuma gaskiya ba wanda ya ga dalilin tambaya. A cikin wannan tashin hankalin Mode ya sami abu guda da ke sanyaya masa rai. Yakan ce wa matarsa, ko ba komai Baturen nan yana da tausayi, tunda ga shi yana ɓata da iyalinsa a kan talakawan da bai haɗa komai da su ba.

Ana haka Larai ta zo karɓar irin albasa kamar yadda aka saba. Ta same shi yana gyaran jigon ban ruwa a bakin rijiya, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da ƙyar.

"Yaya, iri niz zo ɗauka."

"Wane iri? Ku da Misisi ka yi wa aiki, ku tai ta ba ku."

Larai ta dube shi baki buɗe, don tun tasowarsu bai taɓa yi mata magana da wannan murya ba.

"Yaya, ni ina zan sa kaina? In an ci nan, gonar ubana anka ci. In an ci can, abincin ɗiyana anka ci. Ni ko addu'a na kasa yi."

Ta tashi ta tafi hannu wofi. Mode ya ji kunya ta rufe shi har wuya, amma bai kira ta ba, ya ci gaba da ɗaure igiyar jigonsa.

Sai ranar da Sale ya aiko da mugun labari: Mai Lofe ya fara laushi. An ga ya riƙe hannun Misisi, ita kuma tana murmushi. Mode bai jira shawarar kowa ba. Da safe ya zaɓi albasar da ta fi kowace girma, ya haɗa da ƙwan zabi, ya ɗora wa jaki, ya nufi bariki da niyyar ya faɗi a gaban matar nan ya roƙe ta. Yana isa ya tarar da Atiku ya riga shi, riƙe da rago, shi ma ya ji ana cewa Baturen bai gama sallamawa ba. Suka dubi juna, kowa ya kau da kai, Mode ya ɗaure jakinsa nesa da ragon.

Mai Lofe da Misisi suna zaune a baranda suna shan shayi. Allah ya sa a safiyar nan Malam Halliru ya dawo, ga kekensa ma jingine da bango. Mode ya cire takalmi, ya zube ƙasa.

"Malam, don Allah ka hwaɗa wa Misisi ta ji tausayinmu. Mu ɗiyan Mailaka ba mu yi mata komi ba. Ta bar cewa Malaga. Wallahi tsohuwata ba ta iya iyo ba."

Malam Halliru ya dube shi, ya sa ya maimaita. Sale ya fito daga kicin ya ƙara bayani, har da kwaikwayon iyon. Sannan tafinta ya juya ya yi wa Turawan magana a hankali, kamar mai tsoron abin da yake faɗa.

Mai Lofe ya cire lofe daga bakinsa. Ya dubi matarsa, ta dube shi. Sai suka fashe da dariya, shi har da tari yana dukan cinya, ita tana share hawaye da gefen hannu. Mode na durƙushe, bai san ko an yafe musu ne ko an gama da su ba.

"Tashi, Mode," in ji Malam Halliru, shi kam ba ya dariya. "Ba ku aka nuhi ba. Malaga da Garanada birane na a ƙasar Sifen, can Turai. Hutu za su tahi, shi na suka gardama wane za su."

"Hutu?" in ji Mode. "Can garinsu na?"

"A'a."

"Suna da dangi can?"

"Ba su san kowa ba. Ita tana son Malaga don bakin teku take, ta yi wanka ta sha rana. Shi shina son Garanada don shi ga wani tsohon gini bisa dutse."

Mode ya juya ya dubi Atiku, wannan karon Atiku bai kau da kai ba. Mutum ya bar gidansa, ya hau jirgin ruwa, ya keta teku zuwa inda ba shi da kowa, wai don ya huta! Ga rana nan tana dukan kowa kyauta a Wurno, ga gulbi in wanka ake so. Kuma a kan wannan ne aka ƙi cin abinci, aka buga tebur, a kan wannan ne Mode ya kori 'yar'uwarsa daga gonar ubanta. Sale ya sulale ya koma kicin ba wanda ya ga shigarsa.

Atiku ne ya fara magana.

"To Malam, mu hwa? Maganar ruwan, ina anka tsaya?"

Malam Halliru ya fassara. Mai Lofe ya ɗan ɗaure fuska yana tunani, sannan ya yi wata tambaya da ta sa tafintan ya sunkuyar da kai.

"Mi yac ce?" in ji Mode.

"Cewa yay yi, waɗanne garuruwa na?"

Bai ma san sunansu ba. Turakun da suka hana gari biyu sukuni, shi a wurinsa gefen gabas ne da gefen yamma. Da aka tuna masa sai ya yi murna, ya ce madalla da suka zo, don ya kamata ya bar wa leburori umarni kafin ya tafi. Ya tambayi Malam Halliru wane gefe ne motar ɗauko duwatsun aikin za ta iya kaiwa ba ta kafe ba. Malam Halliru ya dubi mutanen biyu da ke durƙushe, amma abu ne da kowa ya sani, ba shi da yadda zai ɓoye. Ya ce fadamar Mailaka ce a bakin hanya.

Mai Lofe ya gyaɗa kai, ya faɗi kalma biyu ko uku, ya mayar da lofe bakinsa. Shayin da ke gabansa bai ko daina tururi ba.

Ba sai an fassara wa Mode ba. A fadamar Mailaka ruwan zai kwanta. Da a ce an yi wata guda ana gardama sannan aka kayar da shi, da ya ce ƙaddara ce, an dai auna shi an ga bai kai ba. Amma ba a auna shi ba ko kaɗan. Atiku, wanda garinsa ya tsira, bai ce alhamdu lillahi ba. Ya saki igiyar ragon, yana ta faɗin innalillahi kamar shi aka yi wa.

Misisi ba ta lura da komai ba, har yanzu labarin iyon yana ba ta nishaɗi. Ta ɗauki albasa guda tana yaba girmanta, sannan ta ce wa tafinta wani abu tana nuna Mode da fara'a.

"Wai tunda ka sha wahala ka zo," in ji Malam Halliru, muryarsa ƙasa-ƙasa, "kai ka raba musu gardama. Malaga ko Garanada?"

Mode ya ɗaga kai ya dube ta sosai, abin da bai taɓa yi wa Bature ba.

"Ka ce mata ni ban iya zaɓen gari ba. Ta tambayi mijinta. Yanzu-yanzu yay yi gabanta, ko zuhwa bai yi ba."

Abin da Malam Halliru ya gaya mata da Turanci, Allah kaɗai ya sani. Ta dai tafa hannu ta yi dariya, ta juya ga mijinta, suka ɗora gardamarsu daga inda suka tsaya.

Mode ya miƙe ya sa takalminsa, ya je wurin jakinsa. Ɗaurin da ya yi da kansa ɗazu ya gagare shi kwancewa. Ya ja, ya sake ja, igiyar ta ƙara ƙullewa. Atiku ya zo ya durƙusa kusa da shi, ya janye masa hannu a hankali, ya kwance.